Yarinyar Gidan Tururuwa

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ce mace ta farko da na gani riƙe da kyamara. A Maraɗi ta yi aure. Mijinta mai ɗaukar hoton biki ne, kuma da ya rasu 'yan'uwansa suka so su sayar da kayan aikinsa, ta ce a saka mata su a cikin rabonta na gado. Ta ci gaba da sana'ar, har ta fi shi samun kira, don ita tana shiga cikin gida har ƙuryar ɗakin amarya, inda namiji ba ya isa.

Amma aikin biki na cin abinci ne kawai. Idan taro ya watse ba ta tafiya. Takan zauna wajen masu wanke tukwane, ta ɗora kyamarar a kan turmi, ta ja su da hira. Mata su yi ta faɗin abin da ba su faɗa a gaban maza: naƙudar da ta kwana biyu babu mota, gonar gado da ɗan'uwa ya riƙe, miji da ya tafi cin rani aka daina jin labarinsa. Ta haɗa waɗannan a kaset, ta rubuta sunan bikin wance a jikinsa don kada a kula. Ba ta taɓa kai ko ɗaya kasuwa ba, ba ta kuma da takardar izinin kowa. Daga hannun mace zuwa hannun mace suke yawo, ana kallo da rana bayan maza sun fita, an saki labule. Takan ce abin da take so bai wuce mace ta faɗi maganarta da bakinta ba, wata macen ta ji. Mahaifina kuwa ba ya son a ambace ta a zaure.

Muna Gangara a lokacin, ban daɗe da fara ɗaura zane ba. A shekarar ruwa ya ɗauke tun gero bai gama fidda kai ba, ɗan abin da ya tsira kuma fara ta sauka a kansa. Mahaifina ya ɗaure 'yan dammunan da ya samu, ya zuba a rumbu, ya bi mota zuwa Ikko tare da sauran mazan unguwarmu. Kafin sanyi ya wuce rumbun ya ƙare. Inna ta kwaɓa laka ta sake liƙe bakinsa, don mai wucewa ya ɗauka akwai abu a ciki. Muka koma dusa, muka koma tafasa busasshiya, muka koma 'ya'yan anza da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacinsu ya fita. Da bazara ta kama, Inna ta fara tada ni bayan sallar asuba mu tafi haƙar gidan tururuwa.

Wanda bai sani ba, tururuwa tana tara hatsi da 'ya'yan ciyawa a ƙarƙashin ƙasa. Idan ka haƙa da fartanya ka dace, za ka tarar da 'yan ɗakunanta cike. Sai ka kwashe da ƙasar duka, ka sheƙe a faifai, suna cizonka har gwiwa. Abin da za a samu bai fi a dama kunu ba. Inna takan rufe ƙwaryar da tsumma, ta ɗora itace a kai, mu shigo gari kamar itace muka je yi. A hanya mukan haɗu da wasu matan, su ma da nasu itacen a kan ƙwarya. A gaisa, kowa ta wuce, babu mai kallon kayan wata.

A cikin wannan hali Gwaggo ta iso, a kan babur ɗin ɗan kabu-kabu ta wajen Burkusuma, da ɗaurin atamfa na sayarwa da wata babbar kwalla a cinyarta. Kyamarar tana cikin kwallar, an lulluɓe da zannuwa. Ta kawo mana garin rogo da sukari, muka yi 'yan kwanaki muna sha, ƙannena har suka soma wasa a tsakar gida. Da ya ƙare ta zauna cin abin da muke ci. Loma biyu take yi ta janye hannu, ta ce cikinta ba ya mata daɗi.

Ba a daɗe ba ta gane inda muke zuwa da asuba. Ta roƙi Inna ta bar ta ta bi mu da kyamara. Inna ta ƙi, ta ce ita ba ta tona asirin gidan mijinta. Gwaggo ba ta matsa ba. Ta riƙa shiga gidajen maƙwabta, ta dawo ta faɗa wa Inna ta samu mata da suka yarda su yi magana, har da wadda mijinta ya kulle rumbu da hatsi a ciki ya tafi da makulli. Ta ce mutanen Isa da na Sakkwato suna jin ana yunwa, amma ba su san abin da mata ke ci ba. Daga ƙarshe Inna ta yarda da sharaɗi biyu: kada a nuna fuskarta, kuma kada namiji ya gani.

Ranar da ta bi mu, mun yi nisa har muna hango itatuwan bakin gulbi. Inna tana haƙa tana magana, Gwaggo ta durƙusa gabanta ta saita kyamarar a kan hannuwanta. Ni aka ba ni faifai na koma gefe ina sheƙa. Tun jiya da rana ban sa komai a bakina ba. Da na ga hatsin ya fara fitowa daga cikin ƙasa, na duba dama, na duba hagu, na ɗebi cikin hannu na watsa a baki ɗanye, da yashinsa. Tururuwa ta cije ni a leɓe. Hawaye suka zubo, ban fasa tauna ba, na ƙara wani. A zatona duk hankalinsu yana kan ramin.

Gwaggo ta tafi bayan kwana kaɗan. Ana gab da saukar damina sai ga matar wani ɗan kasuwa daga Isa ta zo da buhunan gero a motar kaya, ta sauka a gidan ungozomar unguwarmu. Ba a kira mai gari ba, ba a tara maza ba. Aka riƙa aika yara suna kiran mata ɗaya bayan ɗaya, kowa ta zo da ƙwaryarta. An ce wasu mata ne suka haɗa. Inna ta karɓo namu, ta surfa, ta yi tuwo. Na ci har cikina ya yi ciwo. Ban tambayi dalilin da ya sa matan Isa suka san da mu ba.

Mahaifina ya dawo bayan an yi shuka, ya rame, da ɗan abin da ya samo a dako. Bai yi wata ba wani direba ya tare shi a tasha ya ce matarsa ta ji muryar Inna a kaset. Ya shigo gida bai yi sallama ba. Ban taɓa jin ya ɗaga murya kamar ranar ba. Ya ce an mai da shi abin nuni, an ce ya gudu ya bar iyalinsa suna ƙwacen abincin ƙwari, alhali shi yana can yana kwana a ƙarƙashin gada. Inna tana tankaɗe, ba ta tsaya ba. Da ya gaji ta ce, "Malam, ban ambaci sunanka ba. Abin da munka ci nif faɗi." Ya fita ya zauna a zaure har la'asar, ko masallaci bai je ba. Daga baya ya aika wa Gwaggo cewa kada ta sake taka masa gida.

Ni duk wannan na ɗauka maganar manya ce. Sai da na shiga makarantar kwana ta 'yan mata a Isa na san da ni a ciki.

Muna layin karɓar abinci a makon farko, wata yarinya 'yar cikin gari ta tsura mini ido. Ta matso ta tambaye ni ko daga Gangara nake. Na ce e. Ta kama hannuna da murna kamar ta ga 'yar'uwa, ta ce ai ta san ni, ni ce ta gidan tururuwa, wadda aka ciza a baki. Ta ce uwarta ta yi kuka da ta gan ni, ta sayar da tunkiyarta aka sayi gero. Ba da mugunta ta faɗa ba. Da zagina ta yi da na san abin da za ni ce mata. Na tsaya da kwano a hannu, na ji kunnuwana sun yi zafi, duk layin ya juyo.

Sunan ya bi ni. Wasu da tsokana suke kira, wasu da tausayi, kuma na tausayin ya fi ciwo. Wata babbar ɗaliba ta riƙa zuba mini ragowar abincinta ba tare da na roƙa ba. Mai rabon abinci takan ƙara mini ludayi, ta ce in ci in ƙoshi. Na daina ci a ɗakin cin abinci. Nakan ɗauki kwanona in zaga bayan ɗakin kwana in ci ina fuskantar bango. Har yau da nake da 'ya'ya, idan aka kawo abinci a taro nakan ce na ƙoshi.

A lokacin Gwaggo ta bar Maraɗi ta kama ɗaki a gidan wata tsohuwa kusa da kasuwar Isa. Ranar da aka ba mu hutu, maimakon in wuce tasha na tambayi gidan. Na same ta tana goge na'urar bidiyo da auduga. Ta yi murna, ta tashi za ta kawo mini fura, na ce ba zama na zo ba, kaset ɗin na zo gani. Ta dube ni, ta rufe ƙofa, ta sa aka tada ɗan janareton gidan.

Na ga hannuwan Inna, na ji muryarta tana lissafa abin da muka ci tun daga kaka. Tana cikin magana hoton ya zame daga kanta a hankali, ya tsaya a kan wata yarinya mai dogon wuya da ƙura a gashin ido. Yarinyar ta duba dama da hagu kamar ɓarauniya. Kyamarar ta matso har ana ganin yashi a leɓenta. An daɗe a kanta.

Na tambaye ta wa ya ba ta izini. Ta ce Inna ta gani tun a ɗan madubin kyamara, ba ta hana ba. Sai na gane Inna ta san na ci daga rabon ƙannena, ta yi shekara biyu ba ta nuna mini ba. Na ce, "Inna kinka tambaya. Ni hwa?"

Ta kashe bidiyon. Ta ce gaskiya ne, ba ta tambaye ni ba. Ta ce a lokacin da ta ga abin da nake yi ta san wannan shi ne zai sa mata su buɗe rumbunansu, hannunta ya juya kafin ta yi tunani, kuma da ta zo haɗawa ta yi tunanin, ta bar shi. Ɗauka take yara ba su da fuskar da za a ɓoye. Ta ce kaset ɗin da suka riga suka fita ba ta iya dawo da su duka, amma za ta bi gidajen da ta sani ta karɓe.

Na ce wannan bai cire mini sunan ba. Ta ce haka ne. Ta tashi ta ɗauko kyamarar, ta sa sabon kaset, ta ɗora mini a kafaɗa, ta nuna mini inda ake dannawa. Ta zauna a bakin gado ta ce in ɗauka.

Ta fara da faɗin ko ita wace ce da garin da ta yi aikin. Sa'an nan ta ce, "Kwanakin da niz zamna gidan yayana, ba ciwon ciki ni kai ba. Cikin kwallata akwai busasshen burodi da dabino. Kullum sai in shiga makewayi in ci, in kurkure baki, in hito in ce ma ɗiyan yayana ba ni jin yunwa. Na ce ma raina in ban ci ba hannuna na rawa, hoton ba ya kyau. Wagga yarinya da kunka gani, hatsin da ta haƙo da hannunta tac ci. Ni na ɓoye nawa."

Kyamarar ta yi mini nauyi, ban san ina yanke mata rabin kai ba. Da ta gama ta karɓa ta kashe. Ta ce za ta liƙa wannan a ƙarshen aikin, kuma daga yau ba za ta sake nuna wa kowa ba sai na ce a nuna. Na ce ba za ni taɓa cewa ba. Na ɗauki jakata na tafi tasha. A mota na yi ta tuna yadda ƙanwata ta ƙarshe take lasar ƙwarya a kwanakin, Gwaggo tana zaune kusa da ita. Na ji haushinta, na kuma ji kunyar na gan ta a haka, babbar mace tana faɗa mini abin da ta yi a makewayi.

Ta cika alkawari. Ta bi gidaje a Isa da Sabon Birni ta karɓe abin da ta samu, wasu ta ba su kaset ɗin biki a madadi. Mutanen da suka san aikinta suna cewa wannan shi ne mafi kyau a cikin duk abin da ta yi. Wata mata ta zo takanas daga Yamai don ta gani, Gwaggo ta hana ta. Sau biyu ko uku ta aiko mini da tambaya ta bakin Inna, ko na sake shawara. Na ce a'a.

Na gama makaranta, na yi karatun koyarwa, na yi aure a Sabon Birni, aka ba ni aji. Ina zuwa gaishe ta da salla, mu yi hirar ciwon ƙafarta da tsadar kaya. Kullum nakan tarar da 'yan mata a ɗakin, biyu ko uku, tana koya musu riƙe kyamara. Yawancinsu zawarawa ne ko marayu, waɗanda babu mai tsananta tambayar inda suka je. Takan fara da koya musu aikin biki don su samu na sabulu, wadda ta ga tana da kunnen sauraro sai ta koya mata ɗayan, na ɗaukar hirar mata. Idan na shigo sukan gaishe ni da ladabi fiye da kima. Na san sun san akwai kaset ɗin da ba a taɓa nuna musu ba, kuma saboda ni ne.

Ta rasu a wata shekarar da ruwa ya sake yankewa da wuri, lokacin da hanyoyinmu suka riga suka lalace da 'yan bindiga, mutanen ƙauyuka suna ta kwararowa cikin gari. Mu ma an ɗauko Inna da mahaifina daga Gangara suna zaune a wajena. Mahaifina ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Ya ce a kai shi Isa ko da a kan babur ne. Ya tsaya a sahun gaba aka sallace ta. Tun ranar da ya aika mata saƙon nan bai ƙara yi mata magana ba, ita ma ba ta taka gidansa ba.

Bayan addu'ar bakwai ɗalibanta suka zo wajena. Babbarsu wata doguwar mace ce 'yar Maraɗi, wadda yanzu take da shagon haɗa hoton biki da kwamfuta. Ta ce suna so ranar sadakar arba'in su tara mata su nuna ayyukan Gwaggo, domin yawancin 'yan matan yanzu ba su san an yi ta ba. Ta ce kuma Gwaggo ta bar kyamarori biyu da wasiyyar a ci gaba da koya wa yara mata. Sun juye duk kaset ɗin zuwa kwamfuta kafin su lalace, ban da guda ɗaya. Ta ciro shi daga jaka, a naɗe cikin ɗankwali, ta ajiye a gabana. Ta ce Gwaggo ta ce nawa ne, in na so in ƙone.

Ya kwana biyu a ƙarƙashin gadona. Na rasa wanda za ni tambaya sai Inna. Tana tsinke zogale ta ce ita nata sharaɗin yana nan, ban da maza, sauran kuwa fuskata ce ba tata ba. Na tambaye ta abin da ya sa ba ta taɓa yi mini maganar hatsin da na ci ba. Ta ce, "Mi za ni ce? Ni ma na ci. Ni dai ba a ɗauke ni ba."

Na aika wa doguwar cewa ta zo ta ɗauka.

An yi taron a Isa, a gidan tsohuwar da Gwaggo ta zauna, bayan azahar. Aka rataya farin zane a bangon rumfa, aka kare hasken da tabarmi. Na zaci mata kaɗan za su zo. Gidan ya cika har bakin zaure, kuma da yawansu matan ƙauye ne da ke zaune a makarantu da kangaye, waɗanda a wannan shekarar ma ba su da tabbacin abincin dare. Aka yi wa Gwaggo addu'a. Aka nuna na ungozomomi, aka nuna na matan da ke jan ruwa a rijiya mai zurfi. Namu aka sa a ƙarshe.

Na zauna a baya, na ja mayafi. Na yi zaton shekaru sun rage abin. Da yarinyar ta duba dama da hagu, zafin nan na layin abinci ya dawo mini a kunnuwa kamar jiya aka yi. Wata mata a gabana ta sa bakin zane ta rufe fuska. Wata tsohuwa kuma ta ce a fili, ba da kowa take ba, su a tasu yunwar da toka suke zagaye ramin don cizon ya yi sauƙi.

Sai ga Gwaggo a bakin gado, hoton yana rawa, an yanke mata kai daga goshi. Aka fara dariya, ɗalibanta suka fi kowa, don ba ta yafe musu irin wannan kuskuren. Da ta kai maganar burodi dariyar ta tsaya. Doguwar ta fita waje, ba ta dawo ba sai da aka yaye tabarmin. Ita ma ranar ta fara gani.

Aka ce in tashi in yi magana a madadin dangi. Na tashi. A cikin taron na hango ɗalibaina biyu na aji uku, sun buɗe baki suna dubana suna duban zanen. Abin da na shirya ya gudu. Na ce ni ce yarinyar, ni ce kuma na yanke wa Gwaggo kai. Na ce ta yi mini laifi ta kuma faɗa da bakinta, ta riƙe alkawari har ta mutu, ni kuwa na bar ta ta mutu ba ta ga an kalli aikinta ba. Na roƙa mata gafara na zauna. Da aka kawo waina da kunu na sadaka na ce na ƙoshi.

Labari ya kai wa mahaifina. Bayan 'yan kwanaki ya kira ni ya ce yana so ya ga abin da ƙanwarsa ta yi, ko da idonsa ba zai gani sosai ba, ya ji. Na ce sai Inna ta yarda. Inna ta ce a'a, akwai muryoyin matan mutane a ciki, wasu sun mutu da alkawarin. Bai yi gardama ba. Ya ce to ta faɗa masa da bakinta abin da suka ci bayan tafiyarsa, don bai taɓa tambaya ba. Ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna kusa da tabarmarsa. Na kwashe yara muka shiga ɗaki.

Maganar koyarwa kuwa, wurin zama ne ya gagara. Magadan tsohuwar suna son ɗakinsu. Na yi shawara da maigidana, ya ba mu ɗakin da muke ajiye buhuna, da sharaɗin kada a wuce la'asar. Doguwar tana zuwa daga Maraɗi idan hanya ta yi kyau, idan ba ta yi ba sai ta turo darasi ta waya. Ni ban iya komai a aikin ba. Abin da nake da shi shi ne iyaye sun san ni malama ce, suna sakin 'ya'yansu idan an ce gidana za su. Don haka aikina ya zama shiga gidaje neman izini.

Mun fara da 'yan mata kaɗan. Ɗaya ta yi aure ta tafi da sana'ar, ita ke ɗaukar suna da biki a unguwarsu. Ɗaya ta bari da kanta, ta ce ɗinki ya fi mata. Akwai wata 'yar mutanen Burkusuma da suka dawo cikin gari, shiru-shiru, wadda doguwar ta ce ba ta taɓa ganin mai ido irin nata ba. Da wayar yayarta ta ɗauki kakarta tana bayanin yadda aka baro garke, duk wadda ta gani sai ta nemi a sake sa mata. Ubanta ya ji, ya hana ta zuwa.

Muka je ni da doguwar. Ya karɓe mu a ƙofar gida da mutunci, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma. Na yi masa bayanin sana'a ce, a cikin mata, a gidana. Ya saurara har na gama. Ya ce bai raina ni ba, amma shi baƙo ne a garin nan, gonarsa da shanunsa sun tafi, ba ya so a ce kuma ɗiyarsa tana yawo da kyamara tana nuna wa duniya halin da suke ciki. Na san abin da yake tsoro, na fi shi saninsa.

Muka yi sallama. A hanya doguwar tana ta faɗa, ta ce na yi saurin sakin maganar. Na ce mata ta bari a kwana biyu. Kakar yarinyar uwarsa ce, ita ce kuma ta zauna gaban wayar da son ranta, ta gyara ɗaurin kallabi kafin a fara. Ranar kasuwa za ni saya mata goro in je gaishe ta.